Tsagar Tsoho Tankari

Kai Abdu, bar latsa salular nan ka ba ni aron kunnenka. Ku ma na gaban ordinater, kwamfutar nan taku, ku juyo. Tun safe nake zaune bakin butikin nan ina kallonku. Mace ta shigo, kun ɗauke ta tas-tas-tas sau goma, kun zaɓi guda, kun latsa wani abu fuskarta ta yi sumul kamar ƙwai, kun ba ta ta tafi. Sannan na ji ɗayanku yana cewa wai aikin hoto wasan yara ne, wai mu tsofaffi wahalar banza muka sha. To, madalla. Ba gardama zan yi da ku ba, ba ni da numfashinta. Amma gyaran fuskar nan da kuke yi da yatsa guda, shi na yi shekaru ina koyo da kiriyon, wato fensir, kuma shi ya ja mini abin da har gobe nake nadama. Labarinsa zan ba ku.

Ni nan Yamai aka haife ni. Tsohona mutumin Maraɗi ne, kuku a gidan wani Anasara. Bai yarda wanzami ya yi mini tsaga ba, ya ce ɗansa ɗan birni ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Da na tasa, lakkol, makarantar boko, ta ƙi ni ni ma na ƙi ta, sai ya kai ni aparanti, koyon sana'a, wurin Baba Kojo mai hoto, mutumin Dahome, ƙasar da yanzu kuke ce wa Benin. Shagonsa na bayan ƙaramar kasuwa. Lazaren nan da muke zaune a lokacin bayan gari ne, ba wanda zai kafa shagon hoto a nan sai in awaki zai ɗauka.

Shekara guda cur ban taɓa akwatin hoto ba. Aikina ruwa. Ga-ruwa ya kawo daga gulbi, in tace da ƙyalle, in bar shi ya kwanta, in juye cikin randa, in lulluɓe randar da jiƙaƙƙen buhu. Kun san dalili? Mu a kan gilashi muke ɗaukar hoto, gilashin da aka shafa wa magani a gefe guda, kilishe muke ce masa. In ruwan wanki ya yi ɗumi, maganin narkewa yake, fuskar mutum ta zame ta gangaro har haɓa. A zafin Yamai kuwa, ruwa ba ya jiran izini kafin ya yi ɗumi. Ran da na yi sakaci hancin wani komi, wato akawun gwamnati, ya narke, Baba Kojo bai dake ni ba. Ya sa ni na je ofishin mutumin da ƙafata na gaya masa ya dawo a sake. Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi.

Akwatin kansa na katako ne, mai ƙafa uku, da baƙin zane da mai ɗauka ke shiga ciki. In ka leƙa, mutum kansa ƙasa ƙafafunsa sama za ka gan shi, kuma a haka za ka daidaita shi. Ba wani maɓalli. Murfin idon akwatin kake cirewa da hannu, ka ƙirga a zuci, ka mayar. Fitilarmu rana ce. A tsakar gida muke ɗauka, da hantsi ko da la'asar, in gajimare ya gitta sai a jira. Kilishe guda, mutum guda. Ba sau goma ba, ranka ya daɗe. In ya ƙifta ido, da ƙiftawarsa zai zauna a bangon ɗakinsa har jikokinsa su gani.

Lokacin ba a daɗe da samun ƴancin kai ba, kowa na son ya ga kansa a takarda. Muna da labule mai zanen bene da jirgin sama a bisa. Muna da rediyo wadda ba komai a cikinta, da agogon hannu da ya tsaya tun zamanin Anasara, da karabat guda wadda wuyan rabin ma'aikatan Yamai ya shiga cikinta. Mai sayar da gawayi ya zo ya ɗaura agogo, ya dafa rediyo, ya aika ƙauye a ce ya zama mutum. Ba ma yi musu dariya. Baba Kojo ya ce wanda ya yi wa mai zuwa hoto dariya ya bar masa shago.

Babban aikin kuwa ba ɗauka ba ne, ratush ne, wato gyaran fuska. Akwai wani allo mai jingine da rami a tsakiya, da madubi a ƙasansa mai turo hasken rana. Ka ɗora kilishe a kan ramin, ka shafa masa wani ɗan mai don kiriyon ya kama. Kiriyon ɗin sai ka fere shi ya yi tsawon yatsa, ka goga shi a takardar yashi har ya koma kamar allura. A kan kilishe komai a juye yake, baƙi fari ne, fari baƙi. Ƙurji ko tabo ko tamoji suna fitowa kamar ƴan ramuka masu haske, sai ka bi su da ɗigo-ɗigo, ba ka ja layi, har su daidaita da sauran fata. Hannu ba ya rawa, numfashi a riƙe. Shekara biyu ina koyo a kan fasassun kilishe kafin ya yarda in taɓa kumatun mutum mai rai.

Doka biyu gare shi, kullum sai ya maimaita su da Hausarsa ta kasuwa. Ta farko, ba a zubar da kilishe. Kowane ana sa masa lamba a ajiye cikin akwatunan katako, don in mutum ya mutu danginsa za su dawo. Yakan ce, "Mai hoto mai ajiya ne." Ta biyu, ƙurji a share, tabo a share, amma tsaga sai an tambayi mai ita. Gaskiya ne a shekarun nan samari ma'aikata da yawa sukan ce a rage musu, wai kar a gan su ƴan ƙauye. Ni kuma da tawa fuskar sumul, sai na ɗauka duk mai tsaga haƙuri yake da ita. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, da gaskiyar masu magana.

Wata safiya da rani, sai ga wata mata da fararen kayan likita ta shigo, wani dogon tsoho na bin ta a baya da sanda. Madam Rahila ake ce mata, ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, daga wajen Dogon Dutsi, tana zaune unguwar Yantala. Tsohon mahaifinta ne, sunansa Tankari, Ba'are ne, ɗan ƙabilar Arawa, na wani ƙauye da ake kira Rijiyar Bawa. Ya zo Yamai neman magani, jibi zai koma, bai taɓa tsayawa gaban akwatin hoto ba. Na lura tun shigowarsu ba ta ɗaga ido ta dube shi ba, shi ma bai ambaci sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan". Ƴar fari ce, kun san kunyar da ke tsakani, ko da yake ku yanzu har hoto kuke yi rungume da iyayenku.

Baba Kojo ba ya jin Hausar Arawa, ni ne tafinta. Na miƙa wa tsoho karabat ya ture. Na nuna masa rediyo, ya ce shi bai san ta ba ita ma ba ta san shi ba. Ya zauna bisa kujera da rigarsa ta saƙi, ya ɗora sanda a cinya. Fuskarsa kuwa, ga dogayen tsagen Arawa daga gefen baki har kunne, waɗanda kowa ya sani, ga kuma wasu ƙanana a jere kusa da kunnen dama. Na je na daidaita masa kai ya fuskanci akwati. Ina juyawa ya karkata. Na sake gyarawa, ya sake karkatawa.

Ya ce, "Yaro, mi kake juya mini kai kamar akuya a kasuwa?"

Na ce, "Baba, akwatin za ka duba."

Ya ɗora yatsa a kan ƙananan nan ya ce, "Nan za ka ɗauka. Nan sunana shike."

Gajimare ya tare rana, muka tsaya jira, shi kuwa ya buɗe baki. Ya ce kakansa Bawa ne ya gina rijiyar da garinsu ya ci sunanta, lokacin wurin ba kowa sai gawo da kuraye. Ya ce duk wanda ya fito daga tsatson Bawa wanzami na ƙara masa ƙananan nan, waɗanda suka zo daga baya kuma nasu adadin daban ne. Ya ce in an yashe rijiyar, ɗan gidan Bawa ke jefa guga na farko, kowa na tsaye yana jira. Ƴan'uwansa yunwa ta watsa su, ƴaƴansa kuma sun shiga lakkol ta misiyo, ta ƴan mishan, ba a tsaga su ba, shi kaɗai ya rage da su. Ya faɗi ko guda nawa ne. Wallahi ya faɗa, ina jin muryarsa har yanzu, amma idona da hankalina na sama ina jiran rana. Baba Kojo ya tambaye ni da Faransanci abin da tsohon ke cewa. Na ce ba komai, surutun tsofaffi ne.

Rana ta fito, Baba Kojo ya bar shi a karkace yadda yake so, ya cire murfi ya mayar. Da muka wanke kilishe ya fito tsaf, har zaren rigarsa kana iya ƙirgawa. Babba ne, irin wanda ake sa hotonsa a kadar, wato firam mai gilashi, a rataye. Ya bushe, sai Baba Kojo ya miƙo mini ya ce, "Yau kai za ka gyara, daga goshi har haɓa." Karo na farko ke nan da ya ba ni fuska sukutum.

Kai, zo ka ga rawar kai! Na fere kiriyon uku. Na share tamojin goshi, na share na gefen ido, aikin ya ƙare tun kafin azahar. Sai na tsaya ina kallon tsagen nan. Na ce a raina, in na iya cike waɗannan dogaye har ba a gane ba, ai ba sauran mai ce mini aparanti a Yamai. Ban tambayi Madam ba, ban tambayi tsoho ba, ga su nan Yantala, tafiyar ƙafa. Na sa madubin ƙara girma a ido na duƙufa. Dogayen suka cinye mini sauran yini. Ƙananan na bar su ƙarshe, na bi su ɗaya bayan ɗaya, suna da taushin cikewa. Kafin rana ta faɗi tsoho Tankari ya koma kamar wani komi ɗan shekara arba'in.

Baba Kojo ya ɗaga kilishe a haske ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Su suka ce ka cire?"

Na ce, "Eh, su suka ce."

Ƙarya na yi masa, ido cikin ido. Ya dafa kafaɗata ya ce hannuna ya nuna, ya aika aka sayo mini gasasshen nama. Na ci har da lashe yatsa. Muka buga hoton, muka sa a kadar, muka dangwala tampon, hatimin shago, a baya, muka naɗe da takarda. Tsoho ya riga ya koma, Madam kuma tana aiki, sai ta aiko a ba direban kamiyon Dogon Dutsi ya kai masa. Ita ba ta gani ba.

Daga nan muguwar shekara ta shigo. Gwamnatinmu da ta Dahome suka sami saɓani, aka rufe hanya, mutanen Dahome da yawa suka tattara suka koma gida. Baba Kojo na cikinsu. Ya ɗauki idon akwatinsa guda da tufafinsa, ya bar mini sauran duka. Da zai hau mota ya nuna akwatunan kilishe ya ce, "Mamman, amanar mutane ce." Na ce ya tafi da kwanciyar rai.

Kayan aikinmu duk ta Kwatano, tashar jirgin ruwan Dahome, suke zuwa. Takarda ta ƙare, magani ya ƙare, sabon kilishe babu. Na yi ta tsarma ruwa a tsohon magani har hoto ya riƙa fitowa kamar an ɗauki aljani. Daga baya ko wannan babu. Mutane su zo in ce su dawo, su dawo in ce su ƙara haƙuri. Ga tsohona ya kwanta ciwo, Anasaransa ya koma ƙasarsu, gida ni ake kallo. Ba na gaya muku wannan don in wanke kaina. Yunwa dai na sa mutum ya ga ƙofa inda bango yake.

Wani kafinta maƙwabcinmu ne ya nuna mini ƙofar. Gilashi ya yi wuya a gari, ga mutane na son kadar, kowane ofis da kowane shago na son rataye hoton manya. Ya ce ai ina zaune a kan dukiya. In aka wanke maganin da ke jikin kilishe, gilashi ne garau. Na yi kwana biyu ina jan ƙafa, ran na uku na hura wuta. Tukunya ce babba, ruwan zafi da toka. Ka tsoma kilishe ka ɗan jira, sai ka ga fuskar ta kumbura ta saɓule, ka bi da reza ka kankare saura. Amare, tsofaffin soja da lambobinsu, jarirai ran suna, duk ta tukunyar nan suka bi. Da na zo kan na tsoho Tankari na gane shi. Na ɗaga shi a rana, ba don tausayi ba, don in ƙara kallon gwanintata. Na ɗan yi jim. Amma manyan su kafinta ya fi so, sai na tsoma.

Ga abin da ba ku sani ba. Kiriyon a bisa kilishe yake zaune, bai shiga ciki ba. In ka ɗiga ɗan tarbantin a auduga ka goge, duk gyaran zai tafi, fuskar gaskiya ta dawo yadda akwati ya ɗauke ta. Muddin kilishe na nan, ƙaryata mai gyaruwa ce. Ran da na tsoma shi a tukunya ne ta zama ta dindindin.

Ba a yi wata guda ba sai ga Madam Rahila, ba fararen kaya, ta lulluɓe da baƙin zane, kadar a hammata. Muka gaisa, ta ce tsoho ya rasu, daga wurin makoki take. Na yi mata ta'aziyya. Ta kwance takardar ta ajiye hoton a tebur, ta juyo shi wajena.

Ta ce, "Mai hoto, wane ne wannan?"

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da na ji daɗi. Ta ce innarta ta ba ta labari, ran da hoton ya isa gari ya taru. Tsoho ya karɓa ya kai kusa da ido, ya daɗe, sannan ya miƙa wa na kusa ya ce, "Kyakkyawan baƙo. Ku ba shi ruwa, ku tambaye shi ɗan gidan wa ne." Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce in yarinyar nan ta zo a ce ta mayar a gyara. Ba ta samu zuwa ba sai da aka aiko mata ya cika.

Ta ce, "An ce mini kuna ajiye gilashin. A sake bugawa yadda yake."

Na gaya mata gaskiya, a tsaye, ga tukunyar ma tana gani a tsakar gida. Sai na yi saurin cewa akwai dabara. Ina iya zana tsagen a kan takardar da ɗan buroshi da tawada, ba mai ganewa. Dogayen na san yadda suke. Ƙananan ne dai, ta gaya mini guda nawa ne.

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Ban sani ba."

Na ce, "Haba Madam, mahaifinki?"

Ta ce, "Ni ƴar fari ce. Wurin gwaggona na tashi, daga nan misiyo. In na je gaishe shi ƙasa nake kallo. Ban taɓa tsayawa na dubi fuskarsa ba tun da nake." Ta ɗora hannu a kan kadar. "Don haka na kawo shi wurinku. Na ce in yana takarda, sai in kalle shi yadda nake so."

Na sha zagi a sana'ar nan, na sha a jefo mini hoto a fuska. Ba abin da ya taɓa ƙona ni kamar maganar nan, kuma har yau ba ta huce ba. Ta tambaye ni, ni da na yini a kansu, ban ƙirga ba? Na rufe ido na nema. Ina ganin kiriyon, ina ganin hasken madubi, ina jin ɗanɗanon naman nan. Adadin babu.

Duk da haka matar nan ta ba ni hanya. Ta ce innarta na da rai, ita ta sani, ko cikin barci aka tashe ta za ta faɗa. Amma tsohuwar ta juya hoton ya fuskanci bango, ta ce ba mijinta ba ne, ba ta son a yi mata zancensa ta bakin kowa. Sai dai in wanda ya ɓata ya zo da kansa ya durƙusa, wataƙila ta huce ta nuna masa. Madam ta ce in shirya mu tafi tare, da buroshina. Na ce in Allah ya yarda, bayan damina.

Damina ta wuce. Aka buɗe hanya, kaya suka dawo, aka shiga yi wa mutane katin dantite na shaidar ɗan ƙasa, layi har bakin titi. Fim ya zo ya kori gilashi, na sayi ƙaramin akwati na rataya a wuya, na sayi ɗan babur mobilet, aka fara ce mini Mamman Foto. Na ce bayan salla. Na ce in sanyi ya wuce. Gaskiyar magana ba aiki ya hana ni ba, kunyar durƙusawa gaban tsohuwar nan a tsakiyar ƙauye ce. Sau biyu Madam ta aiko. Sau ɗaya na hango ta a kasuwa na shige rumfar masu tumatir har ta wuce, ni da gemuna. Daga baya na ji tsohuwar ta rasu. Madam aka mayar da ita Maraɗi da aiki, ban ƙara ganinta ba. Baba Kojo ya rubuto mini wasiƙa yana tambayar akwatunansa, ban amsa ba.

Bara, kuna nan ai, wani mutum mai furfura ya zo da jaka yana tambayar tsohon da ya yi aiki da Kojo. Kai Abdu ka nuna masa ni, ka koma kan salularka. Sunansa Ishaya, malamin lakkol ne da ya yi ritaya, ɗan ƙanen Madam Rahila. Ita ta daɗe da rasuwa. Tampon bayan hoton ya bi, yana tambaya daga tsoho zuwa tsoho har ya iso Lazare. Ya zaro kadar daga jaka. Takardar ta yi ja, amma aikina na nan, ko ɗigo bai tashi ba.

Ya ce suna tattara tsofaffin hotunan gidaje don a rubuta tarihin Rijiyar Bawa, yara su sani. Na kakansa shi ne mafi tsufa a garin duka. Da aka baje su a fili sai mutanen wani gida suka ce to ga shaida, Tankari ba shi da tsaga ko guda, ashe baƙo ne, zuriyarsa ba jinin Bawa ba ce. Waɗanda suka san shi da ido duk sun kwanta dama. Ishaya ya ce musu an ce mai hoto ne ya share, suka ce hoto ba ya ƙarya. Da aka yashe rijiya a shekarar, wansa ya fito da guga kamar yadda aka saba, aka riƙe masa hannu a gaban jama'a.

Na ce masa ni na share, da hannun nan, in ana so in faɗa a gaban kowa zan faɗa. Ya yi murna har ya kama hannuna biyu. Sai ya ce saura abu guda. Dogayen ba su raba gardama, duk Ba'are na da su. Ƙananan ne magana. Gidan Bawa uku ne, waɗanda suka zo daga baya huɗu.

Ya ce, "Baba, kai kaɗai ka rage a duniya wanda ya dube su da kyau. Uku ne ko huɗu?"

Kun ga ya riga ya sa mini amsar a baki. In na ce uku, ya tafi da farin ciki, wansa ya karɓi gugansa, ba mai kama ni. Kuma zuciyata ta fi ba ni uku ɗin ne, don tsohon ba maƙaryaci ba ne. Amma ba abin da zuciyata ta ba ni ya tambaya ba, abin da idona ya gani ya tambaya. Na buɗe baki, na tuna na riga na yi wa fuskar nan ƙarya sau ɗaya, har aka saya mini nama. Na ce, "Ɗana, na ji da kunnena ya ce shi jikan Bawa ne, wannan zan rantse a kai. Amma yini guda na yi ina share su, ban ƙirga ba."

Ya dube ni, ya dubi hoton. Ya ce abin da tsoho ya faɗa da bakinsa ai su ma suna faɗa, ba a karɓa ba. Ya naɗe kadar a hankali ya mayar jaka, ya yi mini godiya, har ya ce Allah ya ƙara lafiya. Na raka shi da ido har ya shiga taksi. Ban ji yadda suka ƙare ba, ban kuma da fuskar tambaya.

To, ga aikin da kuka ce wasan yara ne. Ni sai da na yini da kiriyon kafin in yi ɓarnata, ku ƙiftawar ido ta ishe ku. Matar nan ta safe, wadda kuka yi wa sumul, wa ya tambaye ta a cikinku? Kar ka ce mini ba ta da komai, Abdu, ina zaune nan ta wuce ta gabana. Nemo lambarta ka kira ta tun ba ka goge hoton farkon ba. Bille gare ta a kumatun hagu, ƙasan ido. Guda ɗaya ne. Wannan kam na ƙirga.